Na Je Sudan Neman Karatu, Na Koyo Haɗiya

Abu na farko da Hartum ta koya mini shi ne, Larabcin da na kwaso daga Islamiyyar unguwarmu a Funtuwa ba shi ake yi a tasha ba. Na tsaya gaban wani kwandasta, na gyara murya, na tambaye shi hanya da Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yafito abokansa su zo su ji, wai ga wani ya tsinko daga cikin huɗubar Juma'a. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Da suka gama, ɗayansu ya saɓa jakata a kafaɗa ya raka ni har inda za ni, na miƙa masa ɗan abin shan ruwa ya ture hannuna kamar na zage shi.

Sunana Sa'idu. Ma'aikacin jinya ne ni, na yi shekaru a ɗakin maza na wani asibiti a gida. Abin da ya fito da ni shi ne karatun gashin ƙashi. Wani mutum da ake kira Ustaz Bashir, mai yi wa ɗalibai hanya, ya tabbatar mini ya samo mini gurbi a wata makaranta, isowata kawai ake jira. Da na isa makarantar, matar da ke ofis ta duba, ta sake dubawa, ta kira wani ya zo ya duba. Ba sunana. Kai, sashen ma da aka ce an ɗauke ni ba a buɗe shi ba a shekarar. Na kira Ustaz Bashir, waya a kashe. Na yi ta kira har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samun mai lambar.

Na koma kwana a wani masallaci kusa da kasuwa. Komawa gida ita ce dabara, amma ni da aka yi wa walimar ban kwana, aka yanka kaji, da wane ido zan sauka a tashar Funtuwa? Wata safiya na zauna gaban wata mai shayi a gindin bishiya, na ɗauki kofi ya ƙona mini yatsu, na ce, “Wash, Allah!”

Ta ɗago kai daga kan gawayinta. “Kai, Bahaushe na?”

Ta sake cewa, “Ina ka hito, ɗana? Mi as same ka?”

Sakkwatanci ne tsantsa, irin wanda nake ji bakin fatake, yana fitowa daga bakin matar da ta naɗe da lafaya a tsakiyar Hartum. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, kakanninta ne suka fito da niyyar Makka suka yada zango a nan. Na ba ta labarina duka. Ba ta yi mini dogon jaje ba. Ta ce in tafi Managil, ƙanenta Isa na can yana gasa agashe, ga shi lokacin ɗibar auduga ne, mai hannu biyu ba zai kwana da yunwa ba.

Hanyar Managil ce ta fara cire mini baƙin ciki, don ido ya samu abin kallo. Ban taɓa ganin ƙasa shimfiɗaɗɗiya haka ba, ko tudun tururuwa babu. Ga magudanan ruwa da mutum ya haƙa, suna kiransu tur'a, miƙe sak kamar an ja su da zare, babba ta haifi ƙarama, ƙarama ta haifi 'yar ƙarama, har ruwan kogi ya isa gindin kowace shuka. Ni ɗan ƙasar auduga ne, na tashi ina ganin ana jiran sama. Nan kuwa ga auduga ta yi fari fat har iyakar gani, ba ko gajimare ɗaya a sama. Na yi ta tasbihi a cikin motar har na kusa da ni ya tambaya ko lafiya.

Isa ya karɓe ni kamar tare muka tashi. Da safe in bi masu ɗibar auduga, da yamma in taya shi fifita wuta. Agashen nan tsirenmu ne, ƙuli-ƙulin ne, yajin ne, sai dai suna da ya canja. Ƙanshinsa kuwa shi ya fi komai tayar mini da kewar gida. Akwai ranar da na juya baya ina share ido, Isa ya yi kamar bai gani ba, ya ce, “Hayaƙin yau da ƙarhi shikai, ya zol,” wato mutumina, da Larabcinsu. Na kira mahaifiyata na faɗa mata duk abin da ya faru. Ta ce, “Tunda Allah ya kai ka, kada ka dawo sai ka riƙo wani abu, ko yaya yake.”

Da auduga ta ƙare, zafi ya sauko, na ɗauki takarduna na tafi Madani neman ko da aikin share ɗakin marasa lafiya ne. Ina zaune a barandar wani babban asibiti ina jiran wanda aka ce in gani, sai na ji wata tsohuwa tana ta yi wa wata ma'aikaciya bayani da Hausa, jikarta na ƙoƙarin juyawa zuwa Larabci tana tuntuɓe. Tsohuwar na cewa ruwa ne ke ƙware ta, tuwo ba ya yi mata komai. Jikar, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, ta ce wa ma'aikaciyar wai kakarta ba ta son ruwa. Na kasa haƙuri na sa baki.

Ma'aikaciyar nan ita ce Ustaza Ihsan. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma aikinta wani abu ne da ban taɓa jin ana karantawa ba: gyaran magana da haɗiya. Yawancin masu zuwa wurinta tsofaffi ne masu cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Fakinsan, da danginta na cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali har jiki ya daina jin umarni. Ta tambaye ni aikina, na faɗa. Ta ce ba ta da albashin kirki da za ta ba ni, amma tana da ɗaki a bayan asibiti da abin da za ta koya mini. Na ce na yarda tun ba ta rufe baki ba.

A makon farko ta shigar da ni ɗakin hoton ƙashi. An zaunar da wani dattijo, aka ba shi wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa a hoto, aka kashe fitila. Sai ga kan mutum a allo, ƙashi da inuwa, yana motsi. Na ga lomar ta taru kan harshe. Harshe ya tura ta baya, maƙogwaro ya yi tsalle sama, wani ɗan murfi kamar ganye ya kifa kan hanyar iska, loma ta wuce ta bayansa ta gangara, murfin ya koma ya miƙe. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Tsigar jikina ta tashi. Na yi shekaru ina ɗura wa marasa lafiya kunu, ban taɓa tunanin hanyar abinci da hanyar numfashi mararraba ɗaya suke bi ba, kuma akwai mai gadi a wurin da ba ya barci tun ranar da aka haifi mutum.

Aka ba dattijon ruwa tsululu. Wannan karon murfin ya makara. Wani siririn zare baƙi ya zurara ta gaba, ya nufi huhu. Na jira in ji tari. Mutumin ko gezau.

Ustaza ta ce, “Ka gani? Wannan ne mai kisa. Wanda ya yi tari, jikinsa na faɗa. Wannan bai ma san ya shiga ba. Bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi, a ce sanyi ne ya kama shi.”

Daga nan ta koya mini abin da za a yi inda babu na'ura: yadda ake jera yatsu a wuyan mutum a ji tashin maƙogwaro, yadda ake sa shi ya ce “aaa” bayan ya haɗiye, a saurara ko muryar ta fito a bushe ko tana gurgura kamar ana kurkure baki.

Farkon damina muka tafi Sinja, inda take zuwa duba marasa lafiya lokaci-lokaci. A can wani magidanci mai suna Usman ya same mu. Ya ce mahaifinsa na wani ƙauyen Hausawa da ake kira Hillar Gabas, a ƙetaren kogi ta wajen Suki. Shekaru yana fama da karkarwa, yanzu ya daina magana, ya daina ci, hankalinsa ya tafi, ga zazzaɓi. Ba zai jure jijjigar mota ba.

Muka ƙetare Shuɗin Nilu cikin kwalekwale mai inji. Sunan ne kawai shuɗi. A lokacin ya cika ya batse, ja wur kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa sukutum daga duwatsun Habasha. Na ƙanƙame gefen jirgi ina karanto duk addu'ar da na sani, matuƙin kuwa yana tuƙi da ƙafa ɗaya yana cin gyaɗa. A ɗaya gaɓar muka hau tarakta, don baƙar lakar ƙasar nan idan ta sha ruwa ba motar da ke shiga. Inda taraktar ta kafe muka sauka muka taka, takalma a hannu, Ustaza ta tattare lafayarta tana gaba ba ta ko waiwaye.

Mahaifin Usman, Baba Umaru, na kwance kan angareb, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa. Ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa na neman huda riga. Fuskarsa ba ta motsi ko kaɗan, ido a buɗe ba ƙiftawa, yawu na bin gefen baki, hannun dama na ta kaɗawa kan cinya kamar mai jan carbi. Matarsa Hajja Kulu na zaune gefensa da tsumma tana goge masa. Ƙaramin ɗansa, Ɗayyib, na tsaye a jikin ginshiƙi.

Ustaza ta sa aka tayar da shi zaune, aka tokare shi da matasai. Ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce in tambaye shi, da Hausa, abin da ya shuka a hawasharsa, wato gonarsa ta noman rani, a shekarar ƙarshe da ya je gona da ƙafarsa.

Na tambaya. Usman ya ce, “Ai ba shi ganewa, Ustaza. Dawa ce ya...”

Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba.

Muka yi shiru. Kaza ta wuce da 'ya'yanta. Can nesa injin ban ruwa na bugawa. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kunya a madadin kowa, na buɗe baki zan maimaita tambayar, ta harare ni na rufe. Sai na ga leɓensa na motsi. Na kai kunnena dab da bakinsa. Muryar kamar iska ce ke bi ta ƙofar kara.

“Dawa... da gujjiya. Kaɗa ba ta yi ba. Tsutsa ta ci.”

Na faɗa da ƙarfi: dawa da gujjiya, auduga kuwa tsutsa ta ci. Usman ya zauna a ƙasa daɓas. Ɗayyib ya ce, “Wallahi haka anka yi. Shekarar tsutsa ta.”

Leɓen ya sake motsi, na sake sunkuyawa.

“Kullum ina ba su amsa. Kahin in kai, sun tashi.”

Ban san yadda na iya juya wannan maganar zuwa Larabci ba. Hajja Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ustaza ba ta bari murna ta ɗauke mu ba. Ta ce a asibiti akan ba mutum alƙalami ya zana agogo, amma mutumin da bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, in ya kasa, ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba. Don haka ta bi da shi ta abin da ya sani. Ta ba shi sunayen abubuwa uku ya riƙe, akuya da gishiri da tsani, aka yi wata hira, aka dawo. Ya kawo akuya da gishiri, tsani sai da aka ce abin hawa ne. Ta ce ya lissafo dabbobi, ya kawo kaɗan ya tsaya cak. Ta ce ya faɗi yadda ake shayar da gona tun daga buɗe bakin tur'a. Ya faro daidai, a tsakiya ya rikice, ya sa ƙarshe a gaba. Ta tambaye shi ko yana ganin abin da wasu ba sa gani.

Ya daɗe, sannan ya ce, “Yara. In rana ta yi sanyi sukan zamna bakin gado. Na san ba mutane na ba.”

Na ce, “Yaya ka sani, Baba?”

“Ba su da inuwa.”

Sai gwajin haɗiya. Ta ce ni zan yi. Na wanke hannu, na haska bakinsa, sai ga ƙwayar maganinsa ta safe maƙale a kumatu, ta jiƙe ta yi fari. Hajja Kulu ta ce kullum tana ba shi, ashe rabi ba ya wucewa. Na jera yatsuna a wuyansa, aka ba shi ruwa cokali ɗaya. Maƙogwaron ya yi jinkiri, ya tashi da ƙyar. Na ce ya ce “aaa”. Muryar ta fito tana gurgura, can sai tari mara ƙarfi, idonsa ya kawo ruwa. Muka huta. Aka kawo madida, kununsu mai kauri. Na sa ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa ba komai a baki. A ƙarƙashin yatsuna na ji abin nan ya yi sama ya dawo. Ya ce “aaa”. A bushe.

Da la'asar gardama ta tashi tsakanin 'ya'yan. Usman ya ce a nemi hanya ko ta halin ƙaƙa a kai shi Hartum a sa masa robar abinci ta hanci. Ɗayyib ya ce a bar tsoho ya huta, kwana ne in ya ƙare ya ƙare. Suna yi da Larabci, a kan mahaifinsu, kamar buhu ne a tsakaninsu. Ustaza ta bari suka gaji, sannan ta ce, “Cutar ta taɓa tunaninsa, ba zan ɓoye muku ba, kuma za ta ƙara. Amma yau yana da hankalin da zai zaɓa wa kansa. Ba ku tambaye shi ba.”

Ta yi masa bayani guntu-guntu, ina juyawa. Roba za ta kai abinci ciki ba wahala, amma ba za ta hana yawunsa bin hanyar huhu ba. Ci da baki akwai haɗari, ana iya rage shi, ba a iya kawar da shi. Cutar kuma ba ta komawa baya. Ta ce ya maimaita abin da ya fahimta. Ya maimaita, a hankali, bai bar komai ba. Sannan ta ce, “To me kake so?”

Wannan karon ba wanda ya yi motsi har ya gama.

“Ba ni son roba. Azumi na tahe. Ina son in zamna bakin hanya.”

Ɗayyib ne ya fassara mini, don Hausar na ji, ma'anar ce ban gane ba. A ƙauyukan nan ba a buɗa baki a cikin gida. Kowane gida na fito da tirensa, a shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, duk matafiyin da magariba ta riska a tare shi, ko ya so ko bai so ba. Tabarmar unguwarsu Baba Umaru ne ya fara shimfiɗa ta tun yana saurayi, kuma muryarsa ce ke kiran baƙi. Azumi biyu ke nan bai fita ba, saboda kunyar dalala da tari a gaban mutane.

Washegari Ustaza ta koma, ta bar ni da alluran ciwon huhu da umarni. Aka ba ni ɗakin baƙi. Na zama ɗan gida, har mata na aiko mini da godogodo, furarsu ta gero da nono, wai kada in rame a ce Hillar Gabas ba ta iya baƙo ba.

Aikin ba wani abin al'ajabi ba ne a ido. Magani a cikin cokalin madida, a jira ya fara aiki, jiki ya saki, sannan abinci. A zaune sak, ba a kishingiɗe ba. Ƙaramin cokali. Ba hira in loma na baki. Asida, wato tuwonsu, a yi ta da laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa mai santsi. Kisra, wainarsu mai faɗi kamar takarda, mun ajiye ta, don tana maƙalewa. Ruwan sha kuwa Hajja Kulu ce ta samo dabara, ta riƙa dama shi da garin 'ya'yan kuka har ya riƙe cokali. Bayan ci ya zauna, ba kwanciya. Asuwaki safe da yamma, don ƙazantar baki ce ke bin yawu ta je ta ƙona huhu.

Da zazzaɓin ya sauka, maganin kuma ya riƙa isa inda aka aike shi, sai ga mutum yana dawowa cikin fuskar nan. Ya fara takawa. Amma duk ya zo bakin ƙofa sai ƙafafun su manne da ƙasa, ya yi ta rawa a wuri ɗaya. Wata safiya yana maƙale haka, maƙwabciya ta fara daka. Tim, tim, tim. Ina kallo, ƙafar dama ta ɗaga ta faɗi tare da taɓarya, ta hagu ta bi. Ya ƙetare ƙofar, ya ratsa tsakar gida kamar soja. Da dakan ya tsaya, shi ma ya tsaya. Na kira Ustaza a waya ina haki. Ta yi dariya, karo na farko da na ji, ta ce hanyar cikin ƙwaƙwalwa da ke ba ƙafa umarni ce ta lalace, amma ta kunne na nan, jiki na iya aron kiɗa daga waje. Daga ranar, in za shi fita, Hajja Kulu na biye tana tafa hannu.

Da hantsi nakan kai shi bakin kogi ya yi aikin murya. Ustaza ta ce masu cutar nan suna jin kamar ihu suke yi alhali raɗa suke, don haka sai an sa su yi abin da suke ji kamar hauka ne. Ya cika ƙirji ya ce “aaa” har numfashi ya ƙare. Kwanakin farko ko ni da ke gefensa da ƙyar nake ji. Rannan wani masunci daga cikin jirginsa ya ɗago kai ya amsa, “Na'am?” Kafaɗun Baba suka yi ta girgiza. Na tsorata, na zaci shaƙewa ce. Dariya yake.

Ana saura kwanaki azumi, wani tsohon abokinsa ya zo gaishe shi daga Suki. Ina wajen wanki. Mutumin ya ga an hana amininsa shayi, abin ya ba shi tausayi, ya zuba masa a kofinsa ya kafa masa a baki. Tarin na jiyo na sheƙo a guje. Kashegari jiki ya yi zafi rau, numfashi na fita da sauri, yaran nan marasa inuwa suka cika masa ɗaki har da rana tsaka, ya daina gane ni. Usman ya tsaya kaina yana huci.

“Da mun kai shi Hartum da wanga bai hwaru ba!”

An yi ruwa kwana da kwanaki, ko tarakta ba ta fita. Na kira Ustaza, ta haɗa ni da likita, ya faɗa mini allurar da zan koma. Ɗayyib ya tafi Suki a ƙafa cikin laka ya samo ta. Na zauna gefen gadon nan ina juya shi, ina goge bakinsa, ina roƙon Allah kada zaɓin da muka ba bawan nan ya zama ajalinsa a hannuna. Sai da aka ga wata, aka kai azumi na huɗu ko na biyar, sannan ya buɗe ido ya dube ni sosai. Na jira. Ya ce, “An hwara?” Na ce an fara. Ya ce, “To mi muka jira?”

Usman ne da kansa ya je wurin liman, ya dawo da hukuncin cewa azumi ya faɗi a kan mahaifinsa, sai ciyarwa. Baba ya ce ai ciyarwar ce dama yake nema.

Ba warkewa ya yi ba. Bayan na bar garin na koma wurin Ustaza na ci gaba da koyo, tunaninsa ya ci gaba da dushewa kamar yadda ta faɗa, kuma bai ga azumi na uku daga wannan ba. Amma wannan azumin nasa ne.

Ranar da ya fita, an ba shi magani tun rana na da sauran tsayi. Aka sa masa farar jallabiya da rawani. Hajja Kulu ta raka shi da tafi har bakin zaure, daga nan Ɗayyib ya karɓa. Hanyar ta fara bushewa. Tabarmi sun yi layi, tire na bin tire, maza na zaune suna jiran kiran salla. Da suka hango shi hira ta mutu. Aka matsa aka ba shi wurinsa na da, aka jingina shi da buhun dawa, na zauna a damarsa da kwanonsa na dabam.

Rana na dab da faɗuwa sai ga wata lori ta taso daga wajen Suki, fasinjoji a saman kaya. Samari suka tare hanya, suka warware rawani suka miƙe shi daga gefe zuwa gefe. Direba ya leƙo yana roƙo, wai sauri yake, a yi masa afuwa. Ana ta ja-in-ja. Na ji Baba ya ja numfashi a gefena, irin na bakin kogi.

“Ya jama'a! Tafaddalu! Ku sabko ku ci!”

Muryar ta tsage a tsakiya, amma ta kai lorin. Direban ya kashe mota. Wani dattijo a can ƙarshen tabarma ya ce, “Allahu akbar, Umaru na!” Usman ya juya baya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.

Ladan ya kira salla. Hannaye suka nufi dabino. Na miƙa wa Baba cokalinsa, ya kai baki da hannunsa mai rawa, ya sunkuyar da haɓa, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Na biyu ya wuce. Na uku ya wuce. A na gaba sai tari ya sarƙe shi.

Duk tabarmar ta tsaya. Usman ya yunƙura zai tashi. Baba ya ɗaga masa hannu, irin ɗagawar da Ustaza ta yi masa ran farko. Ya dafa gwiwa, ya yi tari mai ƙarfi, ya ƙara, ya sunkuya ya haɗiye. Sannan ya juyo gare ni, gaban baƙi da 'yan gari, ya buɗe baki ya ce, “Aaa!”

A bushe take, tas.

Direban lorin ya dube mu ya tambaya ko wata addu'a ce ta mutanen garin. Ɗayyib ya ce e, sabuwa ce, daga Nijeriya aka kawo ta. Aka fashe da dariya, hannaye suka koma cikin tire.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wuyan tsohon nan yana hawa yana sauka ba. Har an fara miƙewa za a ta da salla, na ji an taɓa mini gwiwa. Leɓensa na motsi. Na jira shi, kamar yadda aka koya mini. Ya nuna hannuna da haɓa. Ashe dabinona na nan cikin tafina, ko ruwa ban kurɓa ba.

Ya ce, “Ɗan Hausa, ka zaka tun daga Huntuwa ka koya muna haɗiya, kai ba ka haɗi komi ba. Ci.”